Cajin waya da tabulet daga batir na biyu a mota: amsoshin tambayoyinku

Tambaya, daga wani mai karatu a Jekadafari, Gombe: Assalamu alaikum Malam. Yayana ya sayo bas ta Beljiyam irin wadda Turawa ke mayarwa gida, da gado da wurin girki a ciki. Muna cin kasuwannin Kumo da Dukku da Bajoga da ita, wani lokaci a ciki muke kwana. Mun tarar da batir biyu da soket iri-iri a baya, wasu suna kawo wuta, wasu shiru. A wanne ya kamata mu riƙa caji, kuma ba zai kashe mana batir ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Batiran nan biyu kowanne da aikinsa. Na farko na injin ne, an ƙera shi ya ba da wuta mai yawa cikin 'yan daƙiƙu don tayar da mota, sannan altaneta, na'urar da ke cajin batir idan injin yana aiki, ta mayar masa. Na biyu, wanda galibi yake ƙarƙashin kujera ko cikin akwati a baya, shi ne batirin ɗaki. Farantan cikinsa sun fi kauri, don haka yana jure a zuƙe shi a hankali tsawon dare. Duk cajin da za ku yi alhali injin yana kashe, daga na ɗaki za ku yi shi. Soket ɗin da ke gaban direba yawanci a kan batirin injin yake, ku bar shi sai kuna tafiya. Idan kuna son tabbatarwa, ku kashe komai, ku kwance kan negetif na batirin ɗaki, ku bi soket ɗin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya mutu, nasa ne.

Soket ɗin da suka yi shiru ba lallai ne sun lalace ba. Masu kama da na bangon gida, ko masu rami biyu zagayayyu irin na Jamus ko masu rami uku irin namu, na 230V ne. A Turai sukan kawo wuta ne idan an jona motar da lantarkin wurin da aka yada zango, ta wata kafa da ke jikin motar daga waje. In babu wannan, babu kuma inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, ba za ku ga komai ba. Na 12V kuwa iri biyu ne: babban zagayayye irin na kunna sigari, mai faɗin kusan milimita 21, da ƙarami mai kusan milimita 12 da ake samu a motocin Jamus. Cajar mota da ake sayarwa a kasuwanninmu ba ta shiga ƙaramin, kada ku tura ta da ƙarfi. Mai gyaran wutar mota zai canza muku shi da babba cikin 'yan mintoci. Ku duba kuma allon maɓallai da ke saman ƙofa ko kusa da ita, akwai babban makunnin 12V da in ba a danna ba, duk bayan motar a kashe yake. Motocin da aka haɗa a Ingila ma da yawansu suna yanke wutar baya da zarar injin ya tashi, haka aka tsara su.

Yanzu lissafi. Batir mai 100Ah a 12V yana riƙe da kusan 1,200Wh (Wh ma'aunin yawan wutar da aka tara ne, ana samun sa in an ninka Ah da V). Irin na dalma, mai ruwa ko marar ruwa, bai kamata a sha fiye da rabinsa ba, saura 600Wh ke nan. Waya mai 5,000mAh tana ɗaukar kusan 19Wh, in aka haɗa da abin da ke salwanta a matsayin zafi, a ce 25Wh. Tabulet mai 8,000mAh kuma, har da abin da ke salwanta, kusan 40Wh. Wayoyi huɗu da tabulet ɗaya a dare guda 140Wh ne kawai, bai kai kwatar abin da kuke da damar sha ba. Fanka da firji ne ke cinye batir, ba waya ba.

Sai dai wannan lissafin na lafiyayyen batir ne, shi kuwa wanda ya zo da motar Beljiyam sau da yawa ya daɗe a ajiye ba caji. Ku sayi ƙaramar mita mai auna ƙarfin wutar batir. Bayan motar ta huta awa uku zuwa huɗu ba abin da ke jan wuta, ku auna: 12.6V zuwa 12.7V a cike yake, 12.2V rabi ne, in ya sauka ƙasa da 12.0V ku dakata da caji har sai an cika shi. Sannan ku tayar da injin ku sake aunawa a kan batirin ɗakin. In ya hau tsakanin 13.5V da 14.4V, altaneta tana kai masa. In bai motsa ba, rile (makunnin da ke haɗa su da kansa) ko fis ɗin da ke tsakanin batiran biyu ya mutu, kuma duk nisan tafiyarku ba zai cika ba.

Tambaya, daga wani mai shago a Wunti, Bauchi: Ni ƙaramar inbata na ɗaura a batirin, sai in jona cajar gida. Akwai laifi?

Amsa: Tana aiki, amma asara kake yi, Alhaji. Inbata tana ɗaga 12V zuwa 230V, cajarka kuma ta sake sauke shi zuwa 5V ko 9V. Kamar mai son zuwa Dass daga Bauchi ne ya bi ta Gombe. A ɗagawar kaɗai kashi 10 zuwa 15 cikin 100 yana tafiya. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne inbata tana shan wuta ko ba a jona mata komai ba. Wadda ke jan rabin amfiya, in ta kwana awa 10 a kunne, ta sha 60Wh, fiye da cajin waya biyu. Masu arha kuma wutarsu ba santsi gare ta ba, shi ya sa za ka ji caja tana ƙara, ko fuskar waya ta riƙa taɓa kanta yayin caji. Sayi cajar mota ta 12V mai kyau, ka ajiye inbata don abin da ba shi da wata hanya.

Tambaya, daga wata malama a Azare: A gida Infinix ɗina yana cika da wuri, a mota kuwa daga Azare har Bauchi bai kai rabi ba. Tabulet ɗin yara ma raguwa yake yi alhali yana jone.

Amsa: Malama, juya cajar ki karanta ƙananan rubutun da ke jikinta. In kin ga 5V 1A, wat 5 kawai take bayarwa, kuma tabulet da ake kallo a kansa da haske a ƙure yana iya cin fiye da haka, shi ya sa yake raguwa. Mai 5V 2.4A wat 12 ce. Wadda ya kamata ki nema ita ce mai ramin USB-C da aka rubuta PD (alamar tsarin caji mai sauri), wat 30 ko sama. Ki lura da wata dabara ta masu sayarwa: lambar da ke kan kwali sau da yawa jimillar duk ramukan ce, da zarar an jona waya biyu sai su raba.

Ko da caja mai kyau, kada ki sa ran saurin gida daga kowace waya. Yawancin wayoyin Infinix da Tecno masu cajin wat 33 ko 45 suna da nasu tsarin, wanda ke buƙatar cajarsu da kebul ɗinsu. Da baƙuwar caja sukan koma wat 10 zuwa 18. Samsung mai wat 25 tana son caja mai PPS, ki duba haruffan nan uku. iPhone daga 8 zuwa sama tana gamsuwa da PD mai wat 20. Kebul ma yana da nasa laifin: siriri mai tsawon mita biyu yana zubar da ƙarfin wutar kafin ta isa. Mita ɗaya mai kauri ya wadatar.

Zafi shi ne na ƙarshe. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafinmu ke haura digiri 40, wayar da aka ɗora a gaban gilashi da kanta take rage caji don ta kare batirinta, wani lokaci ta tsayar gaba ɗaya. Cire mata riga, ki sa ta a inuwa inda iska ke bugawa.

Tambaya, daga wani direban Gombe zuwa Yola: Ina so in ƙara batir na biyu da soket a bayan bas ɗina don fasinjoji. Me zan gaya wa mai gyaran wuta?

Amsa: Abu na farko, fis. A sa shi a kan kebul ɗin fozitif, dab da kan batir, tazarar kada ta wuce santimita 20. Aikinsa kare kebul ne. In rufin kebul ya goge ya taɓa ƙarfen mota a wurin da fis bai tsare ba, batir zai turo ɗaruruwan amfiya, kebul ya yi ja ya kama kujera. Don soket ɗaya ko biyu, fis mai 10A da kebul na tagulla mai 2.5mm² sun isa, tunda caja mai wat 30 ba ta jan abin da ya wuce 3A. Duk inda kebul zai ratsa ƙarfe a sa masa roba. Kada ka yarda a maye gurbin fis da zaren waya ko takardar sigari, ko na kwana ɗaya ne. A soket zagayayye, tsakiya ne fozitif, gefe negetif. In aka juya, cajar ta ƙone.

Kada a haɗa batiran biyu kai tsaye, domin tare za su zuƙe, gari ya waye kana neman masu turi. A sa rile mai lura da ƙarfin wuta, wanda ke haɗa su in ta kai kusan 13.3V, ya raba su in ta sauko kusan 12.8V, da kebul mai kauri kamar 16mm² da fis a kowane ƙarshe. Sababbin motocin Turai masu altaneta da kwamfuta ke sarrafawa ba sa jituwa da wannan rile, su sai cajar DC zuwa DC, wato na'urar da ke daidaita cajin batir na biyu daga wutar motar. A ɗaure batirin da kyau, in mai ruwa ne a bar masa hanyar fitar da iska zuwa waje, domin yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji, ita kuwa tartsatsi ɗaya ya ishe ta.

Ni da zan zaɓa maka, soket na USB da ake dasawa a jikin mota ya fi na sigari. Na sigari yana sassautawa a hanya mai gargada, haɗin ya riƙa tartsatsi har bakin caja ya narke, ga ƙurar hunturu da ke taruwa a ciki. Amma a sa masa makunni. Mai fitila da ke jan 20mA dare da rana yana shan sama da 14Ah a wata, ko ba wanda ya jona waya.

Tambaya, daga wani yaron tirela a Ashaka: Caja biyu sun ƙone mini a motarmu, alhali suna aiki a ƙaramar mota.

Amsa: Ɗan'uwa, manyan motoci irin su DAF da MAN a kan 24V suke, batir biyu ne a jere. Cajar da aka rubuta 12V kaɗai ba za ta rayu a nan ba, nemi wadda aka rubuta 12-24V. Kada kuma ka ja wuta daga batir ɗaya cikin biyun don ka samu 12V: wanda kake ja zai riƙa zama ba a cike ba, ɗayan kuma caji ya yi masa yawa, ƙarshe a canza duka biyun kafin lokacinsu.