Tayil ruwan toka ga ɗakin sama a Aboabo

Hajiya, kin tambaya ko tayil ruwan toka zai dace da gidan da kike gyarawa a unguwar Aboabo ta Kumasi, da yadda za ki kula da shi. Zai dace, amma ki guji mai duhu sosai. Na shimfiɗa irinsa a falona, da hunturu ya shigo sai ƙura ta riƙa fitowa fili, har sawun yara kina gani. Matsakaicin toka ya fi ɓoye ƙurar Kumasi.

Ki nemi nau'in tayil da ake kira foselin, ruwan da yake sha bai wuce kashi 0.5 cikin 100 ba. Na banɗaki da kicin kada ya zama mai sheƙi, santsi gare shi in ya jiƙe, musamman ga tsofaffi. Ki duba lambar da ke jikin kwalaye ta zama ɗaya, don launin toka yakan bambanta daga wannan gashin wuta zuwa wancan a masana'anta. Ki ƙara kashi 10 cikin 100 a kan yawan tayil ɗin da kike buƙata saboda yanka da fashewa.

Simintin cike tsakani ma ya zama toka, fari saurin dauɗa gare shi. Shara kullum, goge da ruwa da ɗan sabulu. Asid kuwa cinye simintin yake yi.