Webmin ko Baƙin Allo?

Ɗana, ka tambaye ni: tunda Webmin, manhajar sarrafa saba (kwamfutar da ke yi wa wasu hidima), na buɗewa a burauza, da dannawa kaɗan ka ƙara mai amfani ko ka tada Apache, manhajar da ke fitar da shafukan intanet, don me nake matsa maka sai ka koyi rubuta umarni a baƙin allo, wato terminal?

Ni ban hana ka Webmin ba. Tsohon kayan aiki ne mai amfani; Jamie Cameron ya fito da shi tun 1997, da yaren Perl aka rubuta shi, har yau kuma ana cin moriyarsa. Idan sabar wata makaranta a Mabera ta cije kana Tsohuwar Kasuwa, da wayarka ma sai ka leƙa. Akwai kuma makamancinsa, Cockpit na kamfanin Red Hat, mai ƙofa (port) lamba 9090, ya fi daɗin kallo in cikar faifai kake son dubawa.

Amma ka san Webmin ba shi da wani rumbu nasa na daban. Kusan duk abin da ka danna, fayilolin saiti na cikin /etc yake gyarawa a madadinka. Don haka kafin ka taɓa saitin SSH, hanyar shiga saba daga nesa cikin tsaro, kwafi /etc/ssh/sshd_config ka ajiye gefe, yi canjin a burauza, sannan ka gwada tsohon da sabon da umarnin diff, mai nuna bambancin fayil biyu. Za ka ga layi ɗaya ko biyu ne suka sauya. Tsaya ka karanta su har ka gane. Ranar da aka ɗauke wuta cikin zafin Afrilu, inbata ta gaza, saba ta dawo amma Webmin ya ƙi tashi, sanin layukan nan ne zai fisshe ka kunya gaban mai aiki.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙofar 10000, inda Webmin ke sauraro. Wanda ya shiga nan da ikon root, wato asusun da ke da iko a kan komai, sabar duka ta zama tasa. Barin ta buɗe ga intanet tamkar ka bar makulli jikin kwaɗon shago ne ka tafi Masallacin Shehu ranar Juma'a. Ba tsoratarwa nake ba: a 2019 aka gano an cusa ɓoyayyiyar hanyar shiga cikin sigogin Webmin 1.890 zuwa 1.920 da ake saukewa daga shafin SourceForge, bayan an kutsa injin da ake harhaɗa manhajar. A siga 1.930 aka toshe ta.

Saboda haka rufe ƙofar da ufw, katangar tsaro ta saba, ka riƙa bi ta cikin SSH:

ssh -L 10000:localhost:10000 sunanka@saba

Sannan ka buɗe https://localhost:10000 a kwamfutarka. Burauza za ta yi ƙorafi kan takardar shaida, don sabar ce ta sa wa kanta hannu; a wannan hanyar ba komai, wuce.

Kunna tantancewa mai mataki biyu, kada kuma ka yi wasa da sabuntawa. Tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur, sa mata tsarin Linux na Debian ka gwada duk wannan a kanta kafin ka taɓa ta mutane.