Ɗigon Kore a Faranti Ba Shaida Ba Ne

Ka ce ƙwayar gadon da ka dasa wa Synechocystis, wata sayanobakteriya (ƙwayar bakteriya mai haɗa abincinta da hasken rana), ta ɓace, alhali da idonka ka ga ɗigo-ɗigo kore sun tsiro a faranti mai kanamaisin, maganin da ke kashe ƙwayar da ba ta karɓi dashen ba. Zauna, yaro, ka fama mini tsohon miki.

Haɗa ruwan BG-11 da ake renonta a ciki da zuba DNA ba zan ɓata bakina a kai ba, wannan halittar da kanta take haɗiye DNA. Abin da ku 'yan yanzu kuka kasa tsayawa ku gane shi ne, sayanobakteriya ba E. coli ba ce, bakteriyar nan da kuka saba aiki da ita. Kromosom ɗinta, wato kundin ƙwayoyin gadonta, kwafi ne rututu, a irin taka sukan haura 10 cikin ƙwaya guda. Biyu ko uku su karɓi gyaranka, ta tsira daga maganin, sauran suna nan yadda Allah ya yi su.

Wani kamfani ya taɓa ba ni aikin samar da irin da zai riƙa fitar da etanol daga hasken rana. Wata takwas ina kai. Suka matsa mini lamba, kullum waya, wai masu zuba jari sun ƙosa. Na ce musu saura, gwajin PCR, mai bincikar DNA, yana nuna ɗan siririn layi na asalin kromosom. Suka ce in kawo hakanan. Na miƙa, kuma nan ne kuskurena. Suka juye a manyan tankuna ba magani, don tsada. Yin etanol nauyi ne a kan ƙwaya, saboda haka waɗanda suka koma asali suka fi saurin yaɗuwa, suka cinye tankunan. Suka hana ni ragowar haƙƙina, suka bi gari suna cewa ban iya aiki ba. Ni! Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Kuma kar ka ce mini CRISPR, fasahar datse DNA a gyara shi, za ta raba ka da wahala. Almakashinta Cas9 guba ce ga wasu nau'o'in sayanobakteriya, shi ya sa tun 2016 aka karkata ga wani almakashin, Cas12a. Tana datse kwafin da bai gyaru ba, aiki ya yi sauri, amma ba ta ɗauke maka gwaji.

Koma ka sake shimfiɗa su a sabon faranti, kana ƙara ƙarfin maganin, sau uku, sau huɗu. In layin nan ya ƙi ɓacewa, watakila ka taɓa abin da ba ta rayuwa sai da shi. Kawo mini hoton gwajin in gani da idona.