Tambaya da Amsa: Me ke jawo zubar jini a ƙwaƙwalwar jariri bakwaini?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Na haifi ɗana a mako na 29, nauyinsa kilo 1.2, yana kwalba har yanzu. Da aka yi masa sikanin na kai sai aka ce jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, mataki na biyu. Wasu a gida suna cewa wahalar da ya sha wajen fitowa ce. Me ke kawo wannan, kuma yaya makomarsa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama, Allah ya ba shi lafiya, ya raya mana shi. Babban abin da ke jawo wannan matsala shi ne zuwa duniya kafin lokaci. A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wasu kogunan ruwa, kuma a gefensu akwai wani wuri mai cike da ƙananan jijiyoyin jini masu siririn bango, inda ake ƙera ƙwayoyin ƙwaƙwalwa yayin da ɗan tayi ke girma. Wannan wuri yana shuɗewa da kansa wajen mako na 34, shi ya sa jaririn da ya cika wata tara ba kasafai yake gamuwa da irin wannan ba. Wanda ya fito ƙasa da mako 32 kuwa, ko nauyinsa bai kai kilo 1.5 ba, jijiyoyin suna nan ɗanye, kuma jikinsa bai iya daidaita yawan jinin da ke zuwa kai ba tukuna, don haka da zarar ƙarfin jini ya hau ko ya faɗi farat ɗaya sai su fashe. Yawanci hakan yana faruwa ne cikin kwana uku na farko, sau da yawa ba tare da wata alama ba, abin da ya sa muke ɗora na'ura a kan maɗigarsa mu duba ko da yana kwance lafiya.

Abubuwan da ke ƙara haɗarin su ne waɗanda ke girgiza jini da numfashi: huhun da bai nuna ba har ya buƙaci injin numfashi, ƙarancin iskar oksijin lokacin haihuwa, ƙwayoyin cuta a jinin jariri ko a mahaifa bayan faya ta daɗe da fashewa, da kuma sanyi. Akwai wanda mutanenmu ba sa ɗauka da muhimmanci, wato ɗauko bakwaini a mota ko a babur daga gida zuwa asibiti a sa'o'insa na farko, ana jijjiga shi a hanya jikinsa yana hucewa. Wahalar naƙuda tana iya taimakawa, amma a ganina ɗora mata laifin duka, ko ɗora wa uwa, rashin adalci ne.

Game da makoma, likitoci suna bin rabe-raben da wata likitar jarirai ta Amurka, Lu-Ann Papile, ta fitar a 1978. A mataki na ɗaya jinin ya tsaya inda ya fito, a na biyu ya shiga kogon amma bai buɗa shi ba, a na uku ya cika shi har ya kumbura, a na huɗu kuma naman ƙwaƙwalwar da ke gefe ya taɓu. Mataki na biyu, wanda ɗanki yake ciki, jiki ne ke shanye jinin a hankali cikin makonni, babu tiyata, kuma mafi yawan irin waɗannan yara suna tashi su yi tafiya, su yi magana, su shiga makaranta, ko da yake wasu kaɗan sukan ɗan yi jinkiri wajen koyo. A na uku da na huɗu ne tsoron ya fi yawa, domin guda-gudan jini suna iya toshe hanyar ruwan ƙwaƙwalwa kai ya riƙa girma, har a kai ga sanya siririn bututu mai kwashe ruwan daga kai zuwa kogon cikin yaron, kuma ana iya samun farfaɗiya ko sandarewar gaɓoɓi daga baya.

Saboda haka ki tabbatar an maimaita sikanin kafin sallama, ana kuma auna zagayen kansa da tef a rubuta. Idan kika ga maɗigar ta kumbura ta yi tauri, ko idanunsa suna kallon ƙasa, ko yana amai, ko yana ɗauke numfashi, ko ya ƙi shan nono, ki sanar da ma'aikatan jinya nan take. Bayan sallama a gwada jinsa da ganinsa, a ci gaba da kai shi asibiti har ya kai shekara biyu aƙalla, kuma wajen lissafin zama da rarrafe ki cire makonni 11 da ya rage bai cika ba.

Idan Allah ya kawo wani cikin, ki gaya wa masu awo tun farko cewa kin taɓa haihuwar bakwaini. Da zarar naƙuda ta taso kafin lokaci, ki nufi asibitin da ke da sashen jarirai tun ɗan yana ciki, domin a yi miki allurar desametason mai nunar da huhu da rage zubar jinin, a kuma jinkirta yanke cibiya na minti ɗaya idan yanayin jaririn ya bari.