Amsa ga 'yar'uwa mai neman shukar ratayawa a banɗaki mai ƙarancin haske

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Da na karanta tambayarki, inda kika ce banɗakinki ƙaramar taga ɗaya ce da shi can sama kusa da silin, kuma kina son shukar da za ki rataya ta riƙa zubo ganye ba tare da ta mutu ba, sai na ji kamar labarina kike bayarwa, domin irin wannan banɗakin ne da ni a Kaduna, kuma na sha baƙin ciki kafin na gane bakin zaren.

Abin da nake roƙonki da farko shi ne kada ki bari kyan shuka ya ruɗe ki a wurin masu sayar da fulawa na bakin titi. Ni wata na gani mai 'yan ƙwallaye kore a jere kamar carbi, wadda a kimiyyance ake kira Senecio rowleyanus, na kuma bayyana wa mai sayarwa cewa a banɗaki mai duhu zan rataye ta. Ya rantse mini cewa babu abin da take so kamar inuwa da ruwa, ya ce in shayar da ita kullum. Na bi maganarsa sau da ƙafa. Ba a yi mako uku ba, wata rana da asuba na shiga na tarar ƙwallayen sun zube a kan tayil, sun yi laushi, ina taɓa su suna narkewa a hannuna, da na ɗaga tukunyar kuwa wari ne ya buge ni, saiwar ta yi baƙi ƙirin. Na koma wurinsa da tukunyar, ba don ya mayar mini da kuɗina ba, ina so ne kawai in san kuskurena. A gaban mutane ya dube ni ya ce wasu hannayen ba sa karɓar shuka. Wallahi har yau idan na tuna wannan magana raina yana ɓaci, domin daga baya na fahimci cewa shukar daga busassun yankunan kudancin Afirka ta fito, a cikin ƙwallayen nan take ajiye ruwanta, haske mai yawa da ruwa kaɗan take buƙata. Ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuwa ya sani ya gwammace ya karɓi kuɗin, sannan ya ɗora mini laifi. Na yi wata da watanni ina ganin ni ce ban iya ba.

Wadda ta rayu a wurina ita ce fotos, wato Epipremnum aureum, mai yaɗo da ganye kamar zanen zuciya. Wata maƙwabciyata ce ta yanko mini reshe daga ƙarƙashin gaɓa, na sa shi a kwalbar ruwa, cikin mako biyu zuwa uku ya fitar da fararen saiwoyi, sannan na dasa. Ki nemi mai kore zalla, domin mai ɗigon fari ko ruwan ɗorawa takan rasa adonta idan haske ya yi ƙaranci. Akwai kuma Philodendron hederaceum, wadda ta yi kama da ita ƙwarai, ita ma tana jure duhu-duhu. Amma dukansu biyu suna da wani sinadari a ganyensu mai ƙona baki da maƙogwaro idan yaro ko kyanwa suka tauna, saboda haka ki rataye su sama sosai, ki riƙa datse yaɗon kafin ya sauko inda hannun yara zai kai. Idan wannan ya dame ki, Chlorophytum comosum mai dogayen ganye kamar ciyawa ba ta da wannan illa, sai dai ta fi son a matsar da ita daf da taga.

Idan reshen yana cikin kwalba, ki riƙa canza ruwan aƙalla sau ɗaya a mako saboda sauro, musamman da damina.

Game da ban ruwa, nan ne na fi jin tsoro a kanki, domin a wuri mai duhu da danshi ƙasa ba ta saurin bushewa. Ki tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ɗaya, idan kin ji laima ki ƙyale ta. Ni da damina nakan yi kwana goma ban zuba ba, da hunturu kuwa nakan duba ta duk bayan kwana huɗu ko biyar. Dole tukunyar ta kasance da huji a ƙasa, ki kuma haɗa ƙasar da yashi da ɗan dakakken gawayi, kada ki yi amfani da laka zalla. Ruwan sabulu kada ya taɓa ta. Ƙugiyar ratayawa kuma a jikin bango za a kafa ta, ba a silin ba, domin tukunya mai jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi nauyin da ake zato.

Gaskiyar da mutumin nan ya kamata ya faɗa mini tun farko ita ce babu shukar da ke rayuwa babu haske ko kaɗan. Ki shiga banɗakin da tsakar rana ba tare da kunna fitila ba, idan za ki iya karanta rubutun jikin robar man wanke gashi ba da wahala ba, to fotos za ta rayu. Idan ba za ki iya ba, ki yi tukwane biyu kamar yadda nake yi, ɗaya a banɗaki ɗaya a baranda inda rana ba ta bugunta kai tsaye, ki riƙa musanya su duk mako biyu. Ki faɗa mini ta wane ɓangare tagar take kallo, kuma ko akwai katanga a bayanta, sannan idan kina nan kusa ina da rassan da zan yanko miki.