Labarin Shari'a da Farashin Hannun Jari

Tambaya: Ina da ɗan hannun jari a wani kamfani, kuma duk lokacin da jaridu suka ruwaito cewa an maka shi a kotu, sai farashin ya faɗi tun kafin alƙali ya saurari kowa. Shin in riƙa sayarwa da zarar labari ya fito? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, kasuwa ba ta jiran hukunci, domin masu zuba jari suna saye da sayarwa ne bisa abin da suke hasashen zai faru, kuma adadin kuɗin da jarida ta buga a kanun labari shi ne ya fi saurin tsorata su, alhali sau da yawa ba shi ake biya a ƙarshe ba. A watan Agustan 2018 Babban Bankin Najeriya ya umarci kamfanin MTN ya dawo da dala biliyan 8.1, hannun jarinsa a kasuwar Johannesburg ta Afirka ta Kudu ya zube da kusan kashi 20 cikin 100 a yini guda, kamfanin ya garzaya kotu, sannan a watan Disamba aka sasanta a kan kimanin dala miliyan 53.

Sai dai ba kowace faɗuwa ce firgita ta haifar ba. A watan Agustan 2018 ɗin dai, wata kotu a jihar Kalifoniya ta Amurka ta yanke wa kamfanin Monsanto, wanda kamfanin Bayer na Jamus ya saya a kan dala biliyan 63, diyyar dala miliyan 289 ga wani mutum da ya ce maganin ciyawa na Monsanto mai suna Roundup ne ya jawo masa ciwon daji. Hannun jarin Bayer ya faɗi da fiye da kashi 10 cikin 100. Daga baya an rage diyyar zuwa kusan dala miliyan 20, amma masu sayarwa ba kuɗin mutum ɗaya suka duba ba. Dubban masu ƙara suka hango a bayansa, kuma a 2020 Bayer ya amince da biyan har dala biliyan 10.9.

Saboda haka kafin ka umarci dillalinka ya sayar, ka bincika ko ƙarar ɗaya ce tilo ko kuwa irinta na tafe da yawa, ka kuma duba rahoton kuɗi na kamfanin, inda ake bayyana shari'o'in da ke kansa da abin da ya ware dominsu.