Likitan Dabbobi Ya Amsa: Rauni a Ƙafar Doki

Tambaya: Likita, a hawan Sallah dokina ya yanke a ƙwauri. Yaron barga ya shafa masa baƙin mai. Yaya zan ɗaure? Daga Zariya.

Amsa: Alhaji, a fara wanke baƙin man nan. Shi da toka da kashin shanu duk ɓata ciwo suke yi, kuma raina yana ɓaci idan aka kawo mini doki a haka. A tafasa ruwa rabin lita, a zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, idan ya huce a yi ta kwarara wa ciwon har ƙasa ta fita. Ɗaurin hawa uku ne: ƙyallen asibiti mai tsabta a kan ciwon, auduga mai kauri ta zagaye ƙafar, sannan bandeji. Kada a tsallake audugar. Ƙasa da gwiwa doki ba shi da tsoka, fata ce kawai da jijiya da ƙashi, bandeji tsirara kuwa yana iya lalata jijiyar. Idan yatsanka bai shiga ta bakin ɗaurin ba, ya yi tsauri. A canza kullum da farko, in ciwon ya daina ruwa sai bayan kwana 2 ko 3. Amma idan yankan kusa da gaɓa yake, ruwa mai yauƙi yana fita, a kira likita a ranar.

Tambaya: Igiyar dabaibayi ta ci ƙafar goɗiyata. Yanzu wani jan nama ya tsiro ya fi fata tudu. Daga Maraɗi.

Amsa: Malam, wannan ya zama ruwan dare a raunin ƙasan ƙafa, motsi da ƙazanta ke ƙara shi. Muddin naman ya fi fata tudu, fatar ba za ta rufe ba. Likita zai yanke shi, jini zai zuba sosai amma kada ka tsorata, sai a ɗaure. A cire igiyar daga wannan ƙafar, a kuma kare ta daga ƙuda, musamman da damina.

Tambaya: Ƙusa ce ta soki kofato, ramin ɗan ƙarami. Sai an yi allura?

Amsa: Dole. Irin wannan rami mai zurfi ne ƙwayar tetanus, cutar da ke sandarar da jiki, ta fi so, doki kuma yana cikin dabbobin da ta fi kashewa. A yi allurar tetanus yau, kada a jira sai wuya ya sandare, baki ya ƙi buɗuwa.